Faifan da Ba Shi da Suna

Malama Tomoe,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Wannan ce wasiƙa ta uku da na fara rubuta miki. Biyun farko na yayyaga su, domin da na kai tsakiya sai kunya ta kama ni, in ce wai ni, mace mai shekara talatin da takwas, zan kai ƙarar ɗan faifan roba gaban jarida. To amma yau kwana goma sha tara ke nan 'yata ba ta kira ni Mama ba. Tana gaishe ni, tana cin abin da na dafa, tana cewa an gode, irin godiyar da ake yi wa mai sayar da tikiti a tasha. Shi ya sa na ce kunya ta tafi can. Sunayen da zan faɗa duk na canza su, in ma wata ta gane kanta, oho.

Muna zaune a hawa na uku a gidajen haya na gefen garin Takasaki, a nan Japan. Mijina direban motar kai kaya ne, ni kuma ina aikin rabin yini a shagon da ake ƙunsa abincin rana. 'Yarmu ɗaya, Shiori, shekararta takwas. In ba ki da jikoki ba lallai ki san injinan dodannin nan ba, waɗanda ke hawa na biyu a babban kanti, kusa da masu takalman yara. A jefa yen ɗari, yaro ya jera fayafayansa uku a kan injin, dodannin da ke jikinsu su fito a allo su kara da na inji, shi kuma yana ta dukan maɓalli kamar zai fasa shi. In ya yi nasara ya kama dodon, sai injin ya tofo masa sabon faifai. Wasa ɗaya ake yi, a koma bayan layi. Kusan duk fayafayan farare ne, masu ruwan zinariya kuwa sai a yi wata da watanni ba a ga ɗaya ya fito ba. Duk Asabar nakan ba ta 'yan sulalla huɗu in bar ta a layi, in sauka ƙasa in yi cefane, in dawo bayan rabin awa. Shekara guda muna haka ba abin da ya taɓa faruwa.

Sai kin san halina kafin ki gane sauran. Ni mai sa suna ce. Lokacin da Shiori za ta shiga aji ɗaya, makaranta ta ce a sa suna a kan komai, kowane fensir, kowane tsinken ƙirga da ke cikin akwatin kayan lissafi. Sauran mata suna ta ƙorafi, wai idonsu zai tsiyaye, ni kuwa daɗi na ji, na zauna da ɗan hantsaki na manna sitikokin sunan ɗaya bayan ɗaya. Da ta fara tara fayafayai ma haka na ci gaba, duk Lahadi in buɗe akwatinta in manna wa sababbi suna a baya. Ni da maƙwabciyata ta hawa na biyu, Maman Takuto, wuri ɗaya muka yi odar sitikokin sunan, nata shuɗi nawa ruwan hoda, irin waɗanda ko ruwan zafi ba ya ɗaga su. Ita ma ba ta barin faifan ɗanta ko ɗaya ba suna, tare muke zolayar juna a kan haka.

To ranar wata Lahadi, sati uku da suka wuce, na buɗe akwatin ina sa ran sababbi biyu, sai na ga uku. Na ukun mai ruwan zinariya ne, Barewar Ƙanƙara, wanda ko ni da ban san komai a wasan ba na san yara ihu suke yi in ya fito. Na juya bayansa, tas, sumul, yana ɗaukar ido, ko ƙwarzane babu, suna kuma babu. Na kira ta na ce daga ina. Ta ce wani kaka ne ya ba ta. Wai wani tsoho mai hula ruwan ƙasa ne a gabanta a layi, bai iya wasan ba, yana ta jera dodannin wuta a gaban na ruwa, ana ta lallasa shi. Ita ta kasa haƙuri ta ce masa, “Kaka, haba, ai ba a haka, sa na ciyawa mana!” Ya bi maganarta har zagaye biyu, a na biyun injin ya tofo zinariya. Wai ya ce jikansa da yake tara wa yana da irinsa, sai ya miƙa mata da hannu biyu, har da sunkuyawa, ya ce, “Malama, ga ladan koyarwa.” Tana faɗa tana dariya, tana kwaikwayon yadda ya sunkuya.

Ni ban yi dariya ba. Wane tsoho? Yaushe aka fara rabon zinariya a layi? Manya ma da gemunsu bin faifan nan suke yi kanti kanti, sai wani ya ɗauka ya ba yarinyar da bai sani ba? In ma gaske ne me ya sa ba ta faɗa tun jiya ba? Ta ce ta so ta nuna wa babanta da farko, shi kuma bai dawo daga hanya ba. Na ce to.

Ba a yi awa biyu ba saƙo ya shigo zauren wayar da mu iyaye mata na rukunin gidajenmu muke ciki. Maman Takuto ce. Wai Takuto ya ɓatar da Barewarsa ta zinariya jiya a wurin injin, tun jiya yake kuka, ko abinci ya ƙi ci, in wani ya gani don Allah. Ta ƙara da cewa, “Ba wai ina zargin kowa ba ne fa,” har da 'yar fuskar murmushi. Malama, kin san in mace ta ce ba ta zargin kowa, ta riga ta gama zargin. Ranar Asabar ɗin kuwa Takuto da Shiori layi ɗaya suka bi, da idona na gan su.

Na sake tambayarta. Ta maimaita. Na sake, ta sake maimaitawa, kalma ɗaya ba ta canza ba, hular ruwan ƙasa, ladan koyarwa, komai. Wannan ma ya ƙara min zargi, na ce ai wannan hadda ce. Babanta ya dawo na gaya masa, yana cire safa ya ce, “Maman Shiori, ki bari mana zuwa Asabar mu je mu duba tsohon.” Na ce Asabar? Kwana shida ina sauka ina hawa matakalar nan, ina wuce ƙofar matar nan, faifan ɗanta yana cikin ɗakina? Ban-haƙurin da ya yi latti ai ya zama rainin hankali, kowa ya san haka. Ya ce, “Ke kika sani,” ya shige wanka. Halinsa ke nan, ya jefa magana ɗaya ya gudu.

Litinin da na tashi daga aiki na biya na sayi alewar jan wake, akwati mai nauyin nan da ake kaiwa in laifi ya yi girma. Na sa baƙaƙen kayana, na kama hannun Shiori muka sauka hawa na biyu. Da aka buɗe ƙofa na sunkuya har ina ganin takalmana, na ce laifina ne, rashin tarbiyyata ne, a yafe mana. Shiori ta tsaya ƙiƙam. Sai na ɗora hannuna a ƙeyarta na danna kanta ƙasa. Har yau ina jin taurin wuyanta a tafin hannuna. Ba ta yi kuka ba.

Maman Takuto ta ce, “Haba Maman Shiori, ai yara ne, da ba ki wahalar da kanki ba.” Amma fa hannunta ya karɓa, da alewar da faifan. Ta juya faifan ta dubi bayansa, ta dube ni, ta dubi Shiori, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta jefa shi a aljihun rigar girkinta. Takuto yana leƙowa ta bayanta. Yaron da aka ce kwana biyu yana kuka, an kawo masa abinsa, ko tsalle bai yi ba. A lokacin na ce kunya ce. Yanzu kam ban sani ba.

Kashegari na dawo na tarar da Shiori a gaban ɗan teburinmu, ta zazzage akwatin, ta ɓanɓare sunanta daga bayan fayafayan nan kaf, sittin da ɗaya, da farce, har gefen yatsanta ya fashe. Ta jera su layi layi ta ture min, ta ce, “Ga su nan, yanzu duk ba su da suna. A kai wa duk wanda aka ga dama.” Ki ji fa, a kai, ba ki kai ba. Tun daga ranar haka take min magana. Ta kuma lalata su a banza, don duk inda sitikar ta tashi sai da ta bar tabon gam, toka-toka, yana kama yatsa. Na gwada ruwan zafi, na gwada man girki, na goge har hannuna ya gaji, ko ɗaya bai fita tas ba. Ranar Laraba, ranar fitar da sharar roba, na ga akwatin gaba ɗaya a cikin leda a bakin ƙofa, ta ɗaure shi tsaf yadda na koya mata. Na ɗauke na ɓoye a saman kabad, ba ta sani ba.

Magana kuma ta fita, ban san ta bakin wa ba. Yaran rukuninmu ayari guda suke tafiya makaranta da safe, da tana tsakiya tana surutu, yanzu can baya take, ita kaɗai. Ranar da nake riƙon tutar tsallakar da yara a mararraba na ji wani ɗan aji biyar yana cewa, “Ku riƙe aljihunku, ga mai kiwon barewa nan.” Suka kwashe da dariya. Na ji kamar in maka masa tutar a ka, amma da wane bakin zan yi magana, ni da na kai ta ƙofar mutane da hannuna?

Asabar da ta wuce na kasa zama. Na tafi kantin ni kaɗai, na laɓe a bayan ginshiƙi wajen masu takalma kamar ɓarauniya, ina ƙare wa tsofaffi kallo. Uku na gani, kowa da jikansa, ba mai hula ruwan ƙasa. Na tambayi yarinyar da ke kula da injinan, ta yi min murmushin aiki ta ce ba sa magana a kan abokan ciniki. Ita ma ban yarda da murmushinta ba. Ina shirin tafiya sai ga Takuto da babansa. Layi ya zo kansa, ya jera fayafayansa uku. Malama, biyu daga ciki Barewar Ƙanƙara ce, dukansu zinariya. Biyu! Muna haɗa ido ya wawure su ya cusa a aljihu, wasan ma bai ƙarasa ba.

Tun daga nan tunani ya hana ni sakat. Ko nasa ya fito daga baya, a ƙarƙashin kujerar mota ko a aljihun wando, uwar ta yi gum ta haɗa da namu? Ko tun farko bai ɓata ba, sun dai ga Shiori da shi ne suka shirya? Ko kuwa ubansa ne ya sayo masa wani don ya daina kuka, na Shiori kuma nasa ne da gaske, ita ce ta iya ƙarya haka ban sani ba? Har mijina ban bari ba. Na kama shi yana duba hotunan fayafayai a waya, ya yi sauri ya kife ta. Wa ya sani ko shi ya saya mata a ɓoye don kada in yi faɗa, ya kitsa mata labarin tsoho, yanzu ya bar yarinya da ɗaukar kaya? In kuma tsohon gaske ne, ai abin ya fi muni. Me tsoho yake nema a layin yara shi kaɗai, yana ba 'yan mata kyauta, yana kiran su malama?

Ga wani abin kuma. Jiya Maman Takuto ta hauro da buhun leda cike da fiya, manya manya, wai daga gonar surukanta. Na san dole ta mayar da wani abu bayan alewar, amma wannan ya wuce misali. Tana ta fara'a, tana tambayar Shiori, idonta kuma yana kan takalman bakin ƙofa. Wannan ramuwar kyauta ce ko toshiyar baki? Ko guda ban yanka ba, suna nan a ledarsu.

Yanzu me zan yi? In sauka in ce ta fito min da fayafayan biyu in gani? In na yi haka kuma ya zama ni ce da kuskure, ba mu da sauran zama a gidan nan. In kai maganar tsohon ofishin 'yan sanda na bakin tasha? In ƙwace wayar mijina in bincika? Na ma yi tunanin in sayo wata Barewar a wurin masu sayar da na hannu, in sa mata a ƙarƙashin matashi, ko za ta huce. Ba faifan ne ya dame ni ba, ƙasa ta haɗiye shi. So nake in san wanda ke yi min ƙarya a cikinsu, kuma so nake 'yata ta sake kira na Mama. Ki gaya min gaskiya ko da ba daɗi.

Mai Manna Suna, Takasaki

*

Mai Manna Suna,

Sannu, kin sha wahala, kuma na ji tausayinki. Tun da kin ce in faɗi gaskiya, gyara zama.

Na ƙirga mutanen da kike zargi: 'yarki, maƙwabciyarki, ɗanta, mijinki, tsoho mai hula, har da baiwar Allah mai kula da inji, wadda aikinta kawai ta yi. Mutum shida a kan faifai ɗaya. Alhali amsar da kike nema kin rubuta ta da hannunki a wasiƙar nan, kin wuce ta ba ki waiwaya ba. Kin ce Maman Takuto ba ta barin faifan ɗanta ba suna. Kin ce sitikarku iri ɗaya ce. Kin ce da Shiori ta ɓanɓare nata sittin da ɗaya, ko ɗaya bai fita tas ba, duk da ruwan zafinki da man girkinki. Kin kuma ce Barewar da kika samu bayanta sumul yake, ko ƙwarzane babu. To gam ɗin da ya gagare ki, ke babba, a kan teburinki, ta yaya yarinya 'yar shekara takwas za ta goge shi a tsaye a layi cikin rabin awa, ko a ɓoye cikin dare ɗaya? Ni ban je wurin ba, kuma ba alƙali ba ce, amma a ganina faifan nan ba a taɓa manna masa sunan kowa ba. Sabo ne daga cikin inji, kamar yadda ta gaya miki sau uku. Maganar da ba ta canzawa ba kullum take zama hadda ba, wani lokaci abin da ya faru ke nan, ba wani.

Ban ce ke muguwa ba ce. Saƙon nan ya shigo a mummunan lokaci, kuma dukanmu an rene mu a kan cewa gara ka riga kowa sunkuyawa da a ce ka yi latti. Tsoron bakin maƙwabta tsoro ne na gaske, ni ma na yi zaman gidan haya shekara ashirin. Amma kin yi saurin wanke sunan gidanki, kika wanke shi da sunan 'yarki.

Maƙwabciyarki, ina kyautata zaton ta gane tun a bakin ƙofa, lokacin da ta juya faifan ba ta ga shuɗin sunan ɗanta ba. Sai dai ki tsaya a inda ta tsaya. Ga ki cikin baƙaƙen kaya kin lanƙwashe biyu, ga akwatin alewa, ga hannunki a ƙeyar yarinya. In ta ce ba namu ba ne, ta gaya miki a gaban 'yarki cewa kin tozarta ta a banza. Ta yi jinkirin numfashi ɗaya, damar ta wuce, kowace safiya kuma faɗar tana ƙara nauyi, musamman in nasu ya fito daga baya. Fiyar nan ba toshiyar baki ba ce, in kin tambaye ni, magana ce ta maƙale mata a wuya. Wannan bai wanke ta ba. Ta bar yarinya tana tafiya a bayan ayari sati uku, ta kuma koya wa nata ɗan ɓoye abu a aljihu. Amma ban ga makirci ba, na ga mata biyu da ladabi ya ɗaure wa baki.

Ki sauka wurinta hannu wofi, ba alewa, ba baƙaƙen kaya, ba kuma faɗa. Ki ce mata kin yi gaggawa rannan, kina ganin faifan da kika kawo ba na Takuto ba ne, ko za ku duba bayansu tare. Kin buɗe mata ƙofar da za ta fita ba tare da ta faɗi ba, kuma ina sa ran za ta fi ki jin sauƙi. Sannan ki roƙe ta abu ɗaya, kada ki sassauta a kansa: a zauren da ta yi cigiya, a nan za ta rubuta cewa nasu ya fito, na Shiori nata ne. Inda aka ɓata suna, nan ake gyara shi. In ta musa, kin dai yi naki, sai ki rubuta da kanki cewa ke ce kika yi kuskure.

Tsohon kuwa, damuwarki tana kan hanya, uwa ba ta raina irin wannan. Amma ki duba abin da aka ce ya yi. A gaban jama'a ya ba ta, bai tambayi sunanta ba, bai ce ta biyo shi ko'ina ba. Kakanni masu tara wa jikokin nesa fayafayai suna da yawa, ni kaina na san biyu, kuma duk ba su iya wasan ba. Ba maganar 'yan sanda ba ce tukuna. Ki daina barin ta ita kaɗai a layi, cefane zai jira. In kun gamu da shi ku gaishe shi, ki yi godiya, ki gan shi da idonki. Ku kuma yi doka a gida cewa duk kyautar baƙo a ranar ake faɗin ta. Mijinki ki ƙyale masa wayarsa. Ina jin abin da kike tunanin saya shi ma shi yake nema, kuma ku duka biyun kada ku saya. Shi ne ya faɗi magana mafi hankali a labarin nan, laifinsa da ya faɗa ya shige wanka. Ki gaya masa wannan karon tsayawa zai yi.

Duk waɗannan na gobe ne da jibi. Na yau shi ne Shiori, kuma ki kula da jerin, don a nan komai yake. Kada ki jira Maman Takuto ta amsa, kada ki jira tsoho ya bayyana. Maganar gam ɗin nan ma da na yi miki, ke na yi wa, kada ki kai mata. In kika je kika ce na duba na ga ashe gaskiya kika faɗa, abin da za ta ji shi ne kin yarda da gam, ba ki yarda da ita ba. Yarinyar da ta fasa yatsa tana ɓanɓare suna sittin da ɗaya ta riga ta gane cewa sitika kika saurara, ba bakinta ba.

Yau ɗin nan, kafin ki ɗora shinkafa, ki zauna a gabanta a ƙasa. Ki ce mata ta gaya miki gaskiya sau uku ba ki saurara ba, kin kai ta ƙofar mutane kin danna mata kai a kan abin da ba ta yi ba, kuma kin yi kuskure. Kada ki ƙara da amma. Kin iya sunkuyawa, kin nuna a hawa na biyu, sai dai ba a ƙofar da ta dace kika yi ba. Wannan karon naki kan za ki sauke, kuma ba mai danna miki.

Mai yiwuwa ba za ta ce komai ba, mai yiwuwa a yi sati kafin ki ji kalmar da kike jira. Ki jure, ita ta jure kwana goma sha tara. Ki sauko da akwatin daga saman kabad ki ajiye inda za ta gani, ki bar shi da tabon gam ɗinsa. Ranar da Barewar ta dawo gida, ki miƙa mata da hannu biyu, ki mayar da hantsakinki cikin aljihun tebur. Wannan faifan ba ya bukatar suna, kin riga kin san na wace ce.

Ku yanka fiyar nan kafin ta lalace. Ina yi muku fatan alheri ke da 'yar malamarki, ina kuma fatan Asabar mai zuwa ta same ku a layi tare.

Tomoe